Darasi: Tsuntsun Da Ya Faɗo A Tsakar Gidanka

Wurin karatu: Luka 12:6-7; Maimaitawar Shari'a 22:6-7; Farawa 8:6-12
Ayar haddacewa: Karin Magana 12:10

Gabatarwa

Wata rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa kan wuce awo 40, ƙaramin ɗana ya shigo gida a guje da kurciya a hannunsa, fiffikenta ɗaya yana reto. Shi ne ya harbe ta da danƙo a kan bishiyar dalbejiya, amma da ya ga tana haki, sai tausayi ya kama shi. Ya ce, "Baba, za ta mutu?" Na ce masa, "Kawo ruwa maza." Na buɗe bakinta na ɗura mata da cokali. Kafin minti biyar ta mutu a tafin hannuna. Yaron ya yi kuka har ya ƙi cin tuwon dare. Daga baya wani likitan dabbobi ya gaya mani cewa mai yiwuwa ruwan nan ne ya ƙarasa ta. Ina da tausayi a ranar, sani ne ba ni da shi. Darasinmu na yau yana kan waɗannan abubuwa biyu.

1. Allah yana sane da ita

A Matiyu 10:29 Yesu ya faɗi kuɗin gwara biyu a kasuwa, wato ƙaramin tsaba ɗaya. A Luka 12:6 kuma an sayar da biyar a kan tsaba biyu. Sai mu yi lissafi. In biyu a kan ɗaya ne, tsaba biyu ai huɗu za su saya. Ta biyar ɗin gyara ce, irin wadda mai tumatir take ƙara maka a kasuwa. Duk da haka Ubangiji ya koya mana cewa ko ita ma Allah bai manta da ita ba. Ya faɗi wannan domin ya ƙarfafa almajiransa masu jin tsoro, gama darajarsu ta fi ta tsuntsaye nesa. Amma mu lura, in Mahalicci bai rena gyara ba, bai kamata bawansa ya rena ta ba.

Cikin Shari'ar Musa ma akwai doka a kan sheƙar tsuntsu. Wanda ya tarar da uwa a kan ƙwai ko 'ya'yanta, dole ya saki uwar ta tafi, kuma an haɗa dokar da alkawarin tsawon rai. Allah ya yarda mu ci daga abin da ya halitta, amma ya sa mana iyaka.

2. Abin da za ka yi da farko

Ka tsaya ka duba kafin ka taɓa. In ɗan tsuntsu ne mai cikakken gashi yana tsalle a ƙasa, sau da yawa koyon tashi yake yi, iyayensa kuma suna kusa. Ka kori kyanwa, ka janye yara, ka bar shi. In kuwa tsirara ne ba gashi, ka mayar da shi cikin sheƙa. Maganar da ake yi cewa uwa takan ƙi ɗanta in mutum ya taɓa shi ba gaskiya ba ce.

In akwai jini, ko fiffike ɗaya ya sauka, ko ya kasa tsayawa, to, yana bukatar taimako. Ka lulluɓe shi da tsumma mai tsabta, ka ɗauke shi fukafukansa a manne da jiki, kada ka matse ƙirjinsa, gama da motsin ƙirji yake numfashi. Ka sa shi cikin kwali wanda ka huda wa ramukan iska, ka shimfiɗa tsumma a ƙasa, ka rufe, ka ajiye a inuwa inda babu hayaniya. Duhu yana kwantar masa da hankali. Tsoro kaɗai yana iya kashe tsuntsu, saboda haka kada a yi ta buɗewa ana leƙe.

Kada ka ɗura masa ruwa. Ƙofar numfashinsa tana gindin harshe, ruwa kaɗan in ya bi ta nan sai huhu. Kada ka ba shi madara ko tuwo. In ya farfaɗo ya miƙe, ka ajiye ruwa a marfi marar zurfi ya sha da kansa. Kurciya takan ci gero da dawa, amma tsattsewa ƙwari take ci, shaho da mujiya kuwa nama. Ka yi hankali da faratan shaho da na mujiya, da dogon bakin zalɓe wanda yakan kai sara wajen ido.

3. Ka tsare gidanka

Tausayi ba ya hana lura. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a jihar Kaduna ta Nijeriya, a watan Maris na shekarar kuma aka same ta jikin agwagi a Marwa. A 2016 ta sake ɓulla a Yawunde, aka yi asarar kaji masu yawa. Cutar tana iya kama mutum. Saboda haka kada tsuntsun daji ya haɗu da kajinka ko zabinka, kada ya kwana ɗakin da yara suke, ka kuma wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa shi. In ka ga tsuntsu yana juya wuya ba rauni a jikinsa, ko ka tarar da da yawa sun mutu wuri ɗaya, musamman a bakin Binuwai ko tafkin Lagdo, kada ka taɓa, kada a ci. Ka sanar da ma'aikatan dabbobi.

4. Ka nemi wanda ya fi ka sani

Mu mutanen Garwa Allah ya yi mana gata. A garinmu ne makarantar horar da masu kula da namun daji take, wadda aka buɗe a 1970, ɗalibai kuma suna zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. A Bokle, kusa da gari, akwai LANAVET, babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa. Akwai kuma ofishin ma'aikatar gandun daji da namun daji. Ƙashin tsuntsu yakan haɗe da sauri, cikin 'yan makonni, in kuwa ya haɗe a karkace ba zai ƙara tashi ba. Cizon kyanwa kuma, ko ƙarami ne, yakan ruɓe ya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Don haka kada ka jinkirta zuwa wurin likitan dabbobi. In gauraka ce, ko ungulu, ko wani babban tsuntsu, ka kai labari wurin ma'aikatan gandun daji, gama doka tana kare irinsu. Tun 2015 aka sa ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa a duniya.

Wata magana kuma ga masu bi. In mujiya ta faɗo a gida, wasu sukan jefe ta da duwatsu, wai 'yar aiken mayu ce. Ɗan'uwa, Allah ne ya yi mujiya, ɓerayen rumbunka kuma take ci maka da dare. Wanda yake cikin Almasihu ba ya tsoron kukan tsuntsu.

5. Ka sake shi

Ka tuna da Nuhu. Da kurciya ta rasa wurin sauka, ya miƙa hannu ya shigar da ita jirgi. Bayan kwana bakwai ya sake ta, ta dawo da ganyen zaitun. Da ya sake ta karo na uku ba ta komo ba, Nuhu kuwa bai bi ta ba. Haka kai ma. In tsuntsun ya warke, ka kai shi inda aka tsince shi da sassafe, mujiya kuwa da magariba, ka buɗe kwalin ka ja da baya. Kada ka ɗaure masa ƙafa da zare, kada ka kai shi kasuwa. Amana aka ba ka ta 'yan kwanaki.

Bayan shekara ɗaya wata kurciya ta bugi bangon gidanmu ta faɗi. Ɗana ne ya kawo kwali da kansa. Washegari da safe muka buɗe, ta tashi ta hau dalbejiyar nan. Ya ce, "Baba, ko sallama ba ta yi mana ba." Na ce, "Ɗana, Mai ita ya gani."

Tambayoyi

1. Me gwara ta biyar take koya maka game da darajarka a gaban Allah?
2. Don me ba a ɗura wa tsuntsu mai rauni ruwa?
3. Me za ka koya wa yaranka a wannan mako game da danƙo da sheƙar tsuntsaye?

Addu'a

Ya Uba Mahalicci, kai da ba ka manta da ko ɗaya daga cikin halittunka, ka ba mu zuciya mai tausayi da hannu mai sani. Ka gafarta mana inda muka ɓata abin da ka yi. Ka tsare gidajenmu daga cuta da tsoro. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.