Amsar Tambaya: Shingen Bishiya Don Sirrin Tsakar Gida

Tambaya: Maƙwabcina ya ɗora bene, yanzu ana hango tsakar gidana. Na ga hotunan gidajen Amurka da aka kewaye da bishiyar sida mai kore rani da damina. In nemo irinta? Daga wani mai karatu a Kano.

Malam, damuwarka tana kan hanya, domin sirrin iyali ba abin wasa ba ne. Sai dai sida ba za ta biya maka buƙata ba. Ainihinta, wadda ke jikin tutar Labanan, bishiyar tsaunuka ce masu sanyi da ƙanƙara, dangin da ake shinge da su a Amurka ma sanyi suke so. Zafin Afrilu a Kano, da kan haura digiri 40, zai ƙone dashen tun bai kafu ba. Nemi doguwar siririyar bishiyar nan 'yar asalin Indiya, mai ganyen da ke rataye yana kallon ƙasa, wadda ake jerawa a bakin katangar ma'aikatu. Sama take yi, ba ta cin fili, kuma ba ta tsiraita da rani.

Za a ce darbejiya ta fi jure fari. Gaskiya ne, amma saiwarta kan tsaga katanga da masai, ga rassanta sai sun leƙa gidan maƙwabci. Siririyar bishiyar kuwa ruwan wanke-wanke marar sabulu da yawa ya ishe ta. Ka dasa da farkon damina, tazarar mita ɗaya da rabi tsakani, ka kare ta daga awaki. Kafin ta kai tsayi, ɗaura zana bisa katangar.