Yadda Ake Zaɓen Ƙaramin Obin na Lantarki da Yin Gashi da Shi a Getso

A jeren amarya na wannan zamani, a Getso ne ko Gwarzo ko Kabo, ba abin mamaki ba ne a leƙa kicin a tarar da ƙaramin obin na lantarki a gefen bilanda da tukunyar gas. Dangi su yaba, ƙawaye su ɗauki hoto. In aka koma gidan bayan shekara, sau da yawa za a same shi ko ledarsa ba a ɓare ba, an jera masa kuloli a ka, kek ɗin sallah kuwa a tukunyar yashi aka gasa shi. Galibi don cikar ɗaki aka saye shi, babu wanda ya tsaya ya tambayi irin wutar da ke gidan da za a kai shi.

To, daga wutar gida zaɓe yake farawa, tun kafin a taka ƙofar shago.

Shi wannan obin akwati ne na ƙarfe mai ƙofar gilashi, da sandunan zafi a sama da ƙasa, waɗanda masu gyara ke kira elemen. A cikin kowace sanda akwai siririyar waya ta haɗin nikel da kuromiyam, irin wadda wani Ba'amurke mai suna Albert Marsh ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1906, kuma ita ce dai a cikin dutsen guga da hitar dafa ruwa. Duk wutar da ya ja zafi yake mayar da ita, shi ya sa yake da ci. A bayansa ko ƙarƙashinsa akwai 'yar takarda da aka rubuta yawan wat ɗin da yake ja. Ƙanana sukan tsaya a 800 zuwa 1,000, matsakaita 1,300 zuwa 1,600, manya su kai 2,000 ko fiye. Mai wat 1,500, in ya yi awa guda yana aiki ba hutawa, ya cinye yunit ɗaya da rabi a mita. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta mayar da yunit naira 225 ga 'yan rukunin A, masu alƙawarin wutar awa 20 a rana, ka ga awa ɗaya ta tashi kusan naira 340 ke nan a wancan farashi. Sauran rukunan, har zuwa E mai awa 4, sun fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. Rukunin kowane gida yana nan a takardar bil ta KEDCO ko a rasit ɗin kati.

Kuɗin yunit ma mai sauƙi ne a kan ƙarfin wutar. A ƙa'ida wutar Najeriya bolt 230 ce, amma garin da ke ƙarshen dogon layi ya san yadda take yin sanyi bayan magariba, lokacin da kowa ya kunna nasa, fanka na juyawa da ƙyar. Obin ya fi fanka jin wannan a jika. In wuta ta sauko daga 230 zuwa 180, zafinsa yakan ragu da kusan kashi 40 cikin 100, don raguwar zafi tana ninka raguwar bolt. Nan ne uwargida za ta murɗa zafi zuwa digiri 180, ta jira minti arba'in, ta fito da kek fari fat mai danƙo a tsakiya, ta ɗora wa fulawa laifi. Maganinsa a yi gashi da hantsi ko lokacin da wuta ke da ƙarfi, ko a haɗa shi da istabilaiza babba, irin ta 5,000, don ƙaramar da ake sa wa talabijin ba za ta ɗauke shi ba.

Mai dogaro da janareto ya yi lissafi tun da wuri. Ƙaramin injin nan na caji da kallon ƙwallo, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, da an jona masa obin zai shaƙe ya mutu. Ana bukatar mai 2.5 zuwa sama, shi ma a kashe dutsen guga da firji tukuna, kuma a tuna yana shan wajen lita guda a awa, ga yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Sola kuma ta fi yaudara. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe yunit 2.4 ne, kuma irin na ruwa rabin wannan kawai ake so a ja in ana son ya yi ƙarko. Gashin kaza ɗaya ya isa ya bar gida cikin duhu. Mai babbar inbata da faranti da yawa zai iya gashi da tsakar rana, da dare kam a haƙura.

In wuta ta ba da dama, sai kasuwa. Yawancin masu saye daga wannan yanki titin Gwarzo suke bi, su shiga Kano ta Kabuga, su nufi kasuwar Abubakar Rimi da ke Sabon Gari, inda ake samun sababbi irin su Binatone da Century da Scanfrost, da kuma na hannu da ake kira Beljiyam. Na hannu yakan fi kaurin ƙarfe, amma a duba takardar bayansa da kyau. Wanda ya fito daga Ingila ko sauran Turai wutarsa ɗaya da ta nan. Na Amurka da Kanada bolt 120 ne, na Japan 100, kuma da an jona su kai tsaye sai ƙauri. Ana gane na Amurka da filogi mai falalan ƙafafu da lambobin zafi da suka kai 450, don su da wani ma'auni suke aiki, 350 ɗinsu shi ne wajen 180 a nan.

Girma da lita ake faɗarsa. Mai lita 9 na ɗumama burodi ne kawai, ko cinyoyin kaza huɗu sun cika shi. Mai lita 45 zuwa 60 na masu sana'a ne, yana jan wuta sosai. Gida mai mutum biyar ko shida, mai lita 25 zuwa 30 ya wadatar. Dabarar da masu kek suka sani ita ce a tafi kasuwa da gwangwanin gashin da ake da shi a jaka, a zura shi a ga ƙofa ta rufu, da sauran fili a kowane gefe.

Sai maɓallai. Mai abin murɗawa uku, na zafi da na zaɓen sama ko ƙasa da na agogo, ya fi dacewa da wutar ƙauye a kan mai allon lambobi da ake latsawa. Allon nan yana da kyan gani, amma shi ne farkon abin da ke ƙonewa ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, kuma samun madadinsa sai an sha yawo. Na murɗawa kuwa mai gyaran dutsen guga ma zai iya taɓa shi. In akwai mai fanka a ciki kuma kuɗi sun kai, ya cancanci ƙarin, don tana watsa zafi ko'ina. Kada a biya sai an jona shi a shago, an ga duk sandunan sun ɗauki zafi, an murɗa agogo an ji yana tafiya, an karɓi rasit.

A gida, mazauninsa kanta ce ta siminti ko tebur na ƙarfe ko katako mai kauri, ban da teburin roba. A bar masa tazarar tafin hannu a baya da gefe, nesa da labule da tukunyar gas, kuma inda hannun yaro ba zai kai ba, don jikinsa da gilashinsa suna ƙuna. Soket ɗin bango mai amfiya 13 shi ne nasa, shi kaɗai. Doguwar wayar jone ta araha da ake caji da ita narkewa take yi, don mai wat 1,500 yana jan amfiya shida da rabi.

Ranar farko ba a gasa komai. A wanke tire da raga, a shanya, a buɗe taga, a kunna shi wayam a ƙarshen zafinsa na minti 15. Zai yi hayaƙi da wari, man masana'anta ne ke ƙonewa. In ya huce, a sayo burodi mai yanka-yanka a shimfiɗa a raga har ta cika, a kunna sama da ƙasa a 180 na minti biyar zuwa bakwai, sannan a fito da ragar a duba. Za a ga wani yanka ya yi baƙi, galibi na can ciki, wani ya yi ja daidai, na bakin ƙofa kuma ko launi bai sauya ba. Wannan burodi ya nuna halin obin ɗin gaba ɗaya, inda yake ƙona abu da inda yake barinsa ɗanye, kuma daga ranar an san gefen da za a riƙa juyawa.

Kek shi ne jarrabawar gaske, don ba ya yafe kuskure. Bota leda ɗaya mai giram 250, sukari gwangwanin madara ɗaya da rabi, a buga su har su yi fari su tashi. A fasa ƙwai biyar ɗaya bayan ɗaya ana bugawa, sannan fulawa gwangwani uku da aka tankaɗe da bekin hoda ƙaramin cokali biyu, a juya a hankali. Tun ana kan haɗi ake kunna obin, ya samu minti goma yana ɗaukar zafi. Wannan mataki ne aka fi tsallakewa don tattalin wuta, kuma shi ke sa kek ya kwanta. A shafa wa gwangwani bota, a zuba ƙullu kada ya wuce kashi biyu cikin uku, a sa a ragar tsakiya, wuta sama da ƙasa. Ƙananan gwangwanaye minti 20 zuwa 25 a 170, babba guda ɗaya minti 45 ko fiye a 160. Littattafan girki sukan ce 180, amma da babban obin suke magana. A ƙarami sandar sama tana dab da kan kek, gara a rage digiri goma. In sama ta yi ja ciki bai nuna ba, a rufa masa takardar alminiyam, a tabbatar ba ta taɓa sanda ba. Ba a buɗe ƙofa a minti 15 na farko. A ƙarshe a soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe an gama.

Saura abin da littafin kamfani bai tanada ba, wato a ɗauke wuta kek na tsakiyar tashi. Kada a buɗe ƙofa, zafin ciki zai riƙe shi na 'yan mintuna. In shiru ta yi yawa, sai a koma ga dabarar iyaye: babbar tukunya da yashi mai tsabta a gindinta, wadda mai hangen nesa ta riga ta ɗora a kan gawayi tun da ta fara haɗi. A mayar da gwangwanayen ciki, a rufe, su ƙarasa. Akwai abu biyu da ya kamata a sani game da agogon murɗawa. Da zare yake tafiya, ba da lantarki ba, saboda haka ko babu wuta zai ci gaba da ƙirga har ya buga ƙararrawa, alhali abin ciki ɗanye ne. Na biyu ya fi hatsari: in an bar agogon a wurin da obin ba ya kashe kansa, aka manta aka kwanta, wutar da za a kawo ƙarfe biyun dare za ta tashe shi ba kowa a kusa. Da an ɗauke wuta a zare filogi.

Nama ya fi kek haƙuri. Kazar gidan gona a yanka ta gunduwa-gunduwa, a cuɗe da tafarnuwa da citta da yaji da ɗan mai, ta yi ko awa guda tana sha, sannan a jera a raga, tire a ƙarƙashi yana tarar maiƙo, minti 40 a 200, a juya sau ɗaya. Ta nuna in an soka kusa da ƙashi ruwa ya fito garai ba ja. Kazar Hausa da aka kamo ranar kasuwar Getso kuwa sai an fara tafasa ta, in ba haka ba za ta fito kamar ƙirgi. Karfasa ko tarwaɗa, irin wadda ake kamawa a dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, minti 20 zuwa 25 ta ishe ta. Dankalin Hausa da ɓawonsa, a soke shi da cokali mai yatsu, ya yi minti 45 zuwa awa ɗaya. Gyaɗa ɓararriya minti 15 zuwa 20 a 160, ana motsawa, kuma ba sai an tsince yashi ba. Gurasar jiya, in an yayyafa mata ruwa, minti uku ta dawo da laushinta.

Ɗumamen tuwo da miya da shinkafa ba aikinsa ba ne, busar da su yake yi, ga ɓarnar wuta. Roba da leda da kwano mai hannun roba ba sa shiga ciki ko da wasa.

Wanki kuma sai ya huce an zare filogi. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana tarwatsa shi. A zaro tiren ƙasa a kakkaɓe ɓurɓushi, a goge maiƙo da tsumma mai ɗan sabulu, a bar sandunan ba a kankare su ba. Maiƙon da ya taru shi ne kan kama da wuta, kuma in hakan ta faru a zare filogi a bar ƙofa a rufe har ta mutu, kada a watsa ruwa.

Gidan da ke samun wuta mai ƙarfi da rana, ko yake da janareto mai 2.5 zuwa sama, ya nemi mai lita 25 zuwa 30, wat 1,500 ko ƙasa da haka, bolt 220 zuwa 240, mai abin murɗawa. Gidan da wutarsa sai tsakar dare, kuma ba ƙarfi, gara iyayen amarya su kai kuɗin wajen mai walda ya ƙera mata obin na gawayi.