Darasi Domin Ma'aurata: Ranar Tunawa da Aure

Karatu: Maimaitawar Shari'a 24:5, Markus 6:30-32, 1 Sama'ila 1:21-23

A wani taron ma'aurata na tambayi maza goma sha biyu ranar da aka ɗaura musu aure. Uku kaɗai suka sani. Amma da na tambaye su ranar da aka raba takin zamani bara, kusan kowa ya ba da amsa. Muka yi dariya, matan kuwa ba su yi ba.

'Yan'uwa, manomi ya san gonar da aka yi ta noma ba hutu, ba taki, ƙarfinta yakan ƙare. Haka aure yake sa'ad da yara ƙanana suka cika gida. Mace tana tashi tun asuba, ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta je gona da goyo a baya. Maigida ya dawo da yamma a gajiye. Maganar da ke tsakaninsu ba ta wuce kuɗin makaranta da tarin da yaro yake yi. Ba faɗa suke yi ba, amma an daɗe ba su zauna su biyu sun yi hira ba.

Cikin Shari'ar Musa an hana a kai sabon ango yaƙi ko a ɗora masa wani aikin jama'a har shekara ɗaya, domin ya zauna ya faranta wa matarsa rai. Ku lura, ƙasa tana bukatar sojoji, duk da haka Allah ya sa gidan mutum gaba. Yesu ma ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa su huta, gama jama'a sun hana su ko cin abinci. Aikin da suka bari aiki ne mai kyau. Renon yara ma aiki ne mai kyau. Idan an yi wa sabon aure tanadin shekara guda, kwana ɗaya cikin shekara bai yi wa tsohon aure yawa ba.

Na san abin da za a ce: wannan al'adar Turawa ce. Gaskiya ne Turawan mishan sukan tafi Miango kusa da Jos su huta da iyalinsu, mu kuwa muna kallo. Amma gajiya ba ta san launin fata ba. Babbar matsalarmu kunya ce. Maigida yana tsoron abokai su ce mace ta mallake shi, matar kuma tana tsoron bakin uwar miji. Shawarata ita ce maigida ya je wurin mahaifiyarsa da kansa, kada ya aiki matarsa. Ya ce, "Mama, ranar Asabar aurenmu zai cika shekara takwas. Muna so mu je mu gode wa Allah. Ki taimake mu da jikokinki." Da wuya tsohuwa ta ƙi idan an girmama ta haka.

Kada a ci bashi, kada a sayar da hatsin rumbu. Yawancin aurenmu da rani ake yi, bayan kaka, saboda haka ranar takan faɗo lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Idan taku ta faɗo tsakiyar shuka ko noman fari, ku ɗaga ta. Kuɗin zakara biyu ya isa mota zuwa gari, da abinci, da hoto ɗaya. Wanda ba shi da ko wannan, su ɗauki tabarma da dafaffiyar gyaɗa su tafi gindin itace a bakin rafi.

Yanzu batun yara, wanda ya fi muhimmanci. Hannatu ba ta tafi Shilo ba sai da ta yaye Sama'ila, Elkana kuwa ya yarda. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai yake bukata, don haka ku tafi da shi. Manyan kuma a bar su hannun babba wanda suka saba da shi, ba hannun 'yar shekara tara ba. A rufe rijiya. A ɗauke kananzir da maganin feshi daga inda hannu zai kai. Su kwana cikin gidan sauro. A bar kuɗin asibiti da lambar waya, a nuna wa mai reno yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi, a fasa tafiyar. Uwar da hankalinta yake gida ba za ta huta ba.

Iyali biyu cikin ekklisiya za su iya yin karo-karo: ku riƙe namu wannan wata, mu riƙe naku idan ranarku ta zo. Zumuntar Mata za ta iya shirya wannan.

Tambaya domin tattaunawa: Su wane ne a ƙauyenku za ku iya bar wa yaranku kwana ɗaya da kwanciyar rai? Kowane miji da matarsa su amsa tare kafin taro mai zuwa, su zo da ranar aurensu a rubuce.