Darasin Kimiyya: Gyaran MIDI da Tsara Waƙa a Kwamfuta

Ɗalibai, yau za mu duba MIDI, harshen da fiyano da kwamfuta ke magana da shi a situdiyo. Ku fara riƙe wannan: babu sauti a cikin MIDI, umarni ne zalla. Idan makaɗi ya danna maɓallin fiyano, lambobi ne ke bin waya zuwa kwamfuta, suna shaida mata maɓallin da aka danna, da ƙarfin dannawar, da lokacin da aka ɗaga yatsa.

Tsarin ya fito a 1983, bisa ƙoƙarin Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland a Japan. Kowane maɓalli yana da lambarsa tsakanin 0 da 127, C ta tsakiyar fiyano ita ce 60. Ƙarfin dannawa ma haka ake auna shi. Waya ɗaya kuma tana ɗaukar tashoshi 16.

To, ku buɗe FL Studio ko Cubase, ku shiga allon gyara. Maɓallan fiyano suna jere a tsaye ta hagu, lokaci yana tafiya dama, kowace dannawa ta zama 'yar sanda a kwance. Makaɗi ya danna 61 maimakon 60? Ku kama sandar da linzami, ku sauko da ita mataki ɗaya, shi ke nan. Ku ja bakinta, sautin ya daɗe. Kuna iya mayar da fiyano sarewa, ko ku rage gudun kiɗa daga bugu 120 a minti zuwa 90, ba abin da zai lalace, tunda lambobi kuka taɓa. Muryar mawaƙi ba ta jure irin wannan ja, domin ita sauti ce da aka naɗa.

Inda sabon hannu ke tuntuɓe shi ne kwantayiz, umarnin da ke jawo kowace sanda zuwa layin lokaci mafi kusa. Yana rufa wa makaɗi asiri, amma in aka cika shi ɗari bisa ɗari, kuma duk ƙarfin bugu ya zama 100, sai ganga ta koma kamar injin markaɗe. Ni nakan bar shi wajen rabi, in kuma sassaɓa ƙarfin: wannan 96, na bayansa 72. Kalangu ya fi haka wuya. Mai kalangu yana matsa tsarkiya da hammata, sautin ya sulale sama ko ƙasa, alhali maɓallan fiyano hawa-hawa suke kamar matakala. Sai an haɗa da saƙon lanƙwasa sauti, mai matakai 16,384, kafin a kusanci hakan.

Tsara waƙa kuwa jera sassa ne: buɗewa, amshi, baiti, amshi. Ku gyara amshi sau ɗaya, ku kwafa shi inda ake bukata. A baiti ku rage kayan kiɗa don a ji kalmomin mawaƙi.

Aikin gida: ku naɗi bugun ganga na daƙiƙa takwas, ku ajiye kwafi biyu, ɗaya da cikakken kwantayiz, ɗaya da rabi. Ku zo da su ranar Litinin mu saurara tare.