In Allah Ne Mai Zaɓe, Don Me Za Mu Kai Bishara?

Ya ɗan'uwana mai karatu, ko ka riga ka karɓi baftisma, ko kuwa kana cikin masu bincike waɗanda suke zuwa ajin koyo ba su yanke shawara ba tukuna, akwai wata tambaya wadda ba za ta rasa zuwa zuciyarka ba. Ka ji ana koyarwa cewa Allah ne yake ceton mutum bisa ga nufin kansa, ya kuwa zaɓi mutanensa tun ba a kafa duniya ba, kamar yadda Manzo Bulus ya bayyana a sura ta 1 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa. Ka kuma ji cewa Ubangijinmu Yesu Almasihu, kafin hawansa sama, ya umarci almajiransa su kai bishara ga kowace al'umma, kamar yadda yake a ƙarshen littafin Matiyu. Sai zuciya ta ce, To, in Allah ya riga ya ƙaddara wanda zai tsira, mene ne amfanin wahalata? Don me zan jawo wa kaina zagi a kasuwa da fushin dangi a gida?

Bari mu fara da maganar farko, gama gaskiya ce, ba kuwa za mu rage mata kome ba. Littafi Mai Tsarki bai kwatanta mai zunubi da majiyyaci wanda zai iya rarrafawa zuwa gidan mai magani ba. Da matacce ya kwatanta shi. Mutanenmu sukan ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. A sha'anin noma da fatauci maganar nan tana da nata wuri, amma a sha'anin ceto ba ta kai ba, domin gawa ba ta tashi da kanta. Ka tuna da Li'azaru na Baitanya, wanda ya kwana huɗu cikin kabari. Bai roƙi a tashe shi ba, bai kuwa taimaka da kome ba. Muryar Ubangiji ce ta shiga kabarin ta ba shi rai. Hakanan yake ga kowane mai bi. In ka sami kanka kana ƙin zunubin da kake so a dā, kana kuma marmarin Almasihu wanda ba ka kula da shi ba a dā, ka sani wani ya riga ka aiki a cikin zuciyarka.

Amma ka sake duban labarin nan na Yahaya sura 11. Shi wanda yake da ikon ta da matacce, ashe ba shi da ikon kawar da dutse daga bakin kabari? Yana da shi. Duk da haka mutanen da suke tsaye a wurin ya sa suka kawar da dutsen, su ne kuma ya sa suka kwance wa Li'azaru likkafani. Wannan ita ce al'adar Allah cikin dukan aikinsa na ceto: sa'ad da ya nufi ya ceci mutum, yakan nufi hanyar da ceton zai bi ya same shi, hanyar kuwa ita ce bakin wani mutum ɗan'uwansa.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar labarin Karniliyus, a Ayyukan Manzanni sura 10, ina kuwa so ka karanta shi a hankali. Karniliyus jarumin sojan Roma ne a Kaisariya, mai tsoron Allah, mai yawan sadaka da addu'a. Ran nan wajen ƙarfe 3 na yamma mala'ika ya bayyana gare shi. To, ga mala'ika tsaye a cikin ɗaki, wanda ya fito daga gaban Allah, wanda ya san labarin gicciye da tashi daga matattu. Da ni da kai ne, da mun ce ga mai wa'azin da ya fi kowa. Amma mala'ikan bai yi masa wa'azi ba ko kaɗan. Abin da ya gaya masa shi ne ya aika Yafa a kirawo wani Saminu Bitrus, wanda ya sauka a gidan wani majemi a bakin teku. Sai barori biyu da soja ɗaya suka kama hanya. A can kuwa sai da Allah ya nuna wa Bitrus wahayi har sau uku kafin zuciyarsa ta yarda ya shiga gidan wanda ba Bayahude ba. Kwana huɗu aka yi ana wannan kai da kawowa, domin kawai wani masunci daga Galili ya buɗe bakinsa a cikin gidan nan. Yana cikin magana, bai ma ƙarasa ba, Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa masu ji. Ka lura da rabon aikin. Wanda ya shirya zuciyar Karniliyus, Allah ne. Wanda ya karya son zuciyar Bitrus, Allah ne. Wanda ya saukar da Ruhu, Allah ne. Maganar bishara kaɗai ya bar wa mutum, ya kuwa ƙi ya ba mala'ika.

Haka kuma Lidiya, mai sayar da tufafin shunayya, a bakin kogin Filibi: Ubangiji ne ya buɗe zuciyarta, amma ga abin da Bulus yake faɗa ya buɗe ta. A Koranti kuwa, sa'ad da aka tasar wa Bulus da gāba, Ubangiji ya ƙarfafa shi cikin dare, ya sanar da shi yana da mutane da yawa a birnin, alhali yawancinsu ba su ba da gaskiya ba tukuna. Me Bulus ya yi da wannan sani? Bai naɗe tabarmarsa ya ce tun da na Allah ne za su zo da kansu ba. Ya zauna shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa. Sanin zaɓen Allah shi ne ya ɗaure masa ɗamara.

Saboda haka ka yi hankali da kalmar nan da muka saba ji tun muna yara, wato, haka Allah ya rubuta. A bakin wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa sa'an nan masifa ta same shi, kalmar haƙuri ce mai kyau. A bakin wanda bai ɗaga ko yatsa ba, mayafin ragwanci ce. Babu manomin da yakan ƙi shuka gero domin ruwan sama a hannun Allah yake. Don ya san akwai mai ba da ruwa, shi ya sa yake zuba irinsa cikin ƙasa.

Wannan kuskure ya taɓa kama ikkilisiyoyi a ƙasar Ingila. A zamanin Wiliyam Keri, wani mai ɗinkin takalma wanda ya zama mai wa'azi, akwai waɗanda suka riƙe koyarwar zaɓe har suka ga bai kamata a yi kiran kowa da kowa zuwa ga tuba ba. Keri shi ma ya gaskata zaɓen Allah sarai, amma a shekarar 1792 ya buga ɗan littafi yana nuna cewa umarnin Ubangiji yana kan wuyan masu bi har yanzu, kuma wajibi ne su yi amfani da hanyoyin da Allah ya ba su. A 1793 ya tafi Indiya. Shekara bakwai ya yi yana aiki kafin mutum na farko daga cikin Hindu, wani masassaƙi, ya karɓi baftisma a ƙarshen 1800. Mutumin da yake dogara ga iya bakinsa da ya gaji tun a shekara ta biyu.

A ƙasarmu ma haka aka yi. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da nufin kawo bishara ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran wannan yanki a lokacin. A 1894 biyu daga cikinsu, Gowans da Kent, suka mutu, na ukun, Bingam, zazzaɓi ya mayar da shi gida. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kore shi. Sai a 1902 aka sami kafa tasha a Pategi, a bakin Kwara. Daga wannan mafari, wanda a idon mutum hasara ce tsantsa, ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. A wani gefe kuma, tun kafin waɗannan masu wa'azi su zo, akwai wata jama'a da ake kira Isawa, almajiran wani malamin Kano mai suna Malam Ibrahim, waɗanda suka ɗaukaka Annabi Isa suna neman ƙarin sani a kansa. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka zo Zariya wurin Likita Mila suna tambaya. Ba Likita Mila ne ya sa musu wannan ƙishi ba, amma da bai zo ya zauna a Zariya ba, wa za su tarar? Waɗanda suka ba da gaskiya suka taru suka zauna a Gimi, ba da jimawa ba kuwa ciwon barci ya hallaka da yawa daga cikinsu. Ina ambaton wannan domin kada ka zaci mulkin Allah alkawarin sauƙi ne.

To, yaya ya kamata ka yi zamanka, kai da ka gane wannan? Abin da ya fi girma shi ne tawali'u. Ba ka fi mahaifinka hankali ba, ba ka fi maƙwabcinka kirki ba. Jinƙai aka yi maka. Sabon mai bi wanda ya koma gida yana raina iyayensa, yana yi wa salla da al'adun mutane ba'a, ya nuna bai san yadda aka cece shi ba. Ka ƙara ladabi fiye da dā: ka durƙusa ka gai da manya, ka riga kowa zuwa gona, ka biya bashinka a kan kari, ka je gaisuwar mutuwa da ta suna. Sa'ad da aka tambaye ka dalilin sākewarka, ka faɗa a fili, ba tare da tsoro ba, ba kuwa tare da zafin rai ba.

Kada ka nemi jawo kowa da kyauta, ko da alkawarin aiki ko makaranta, kada kuma ka tilasta wa matarka ko yaron gidanka. Wanda aka saya da riga, wata riga za ta ɗauke shi. Gardama mai tsawo a gindin bishiya takan rufe wa mutum baki, amma ban taɓa ganin ta buɗe zuciya ba. Tun da buɗe zuciya aikin Allah ne, sai ka yawaita addu'a, kana ambaton mutanen gidanku da sunayensu kowace safiya. Kada ka fid da zuciya ga kowa, gama Shawulu yana kan hanyar Dimashƙa da takardun kama masu bi a hannunsa aka tare shi. In ka iya karatu, ka karanta wa wanda bai iya ba. Tun 1932 muna da dukan Littafi Mai Tsarki da harshenmu. In ba za ka iya tafiya ƙauyuka masu nisa ba, ka ba da damin hatsi ko abin da hannunka ya samu domin wanda aka aika.

Kai kuma mai bincike, wataƙila tsoronka dabam ne. Kana cewa, Yaya zan sani ko ina cikin zaɓaɓɓu? Ba a ba kowa izinin leƙa littafin asirin Allah ba, ba a kuwa ce ka fara da shi ba. Abin da aka sa a gabanka shi ne kira: ka tuba, ka ba da gaskiya ga Almasihu wanda ya mutu domin masu zunubi ya tashi kuma. A Yahaya sura 6 Ubangiji ya haɗa maganar biyu wuri ɗaya, cewa dukan waɗanda Uba ya ba shi za su zo, wanda ya zo kuma ba za a kore shi ba. Ka karanta surar kafin aji na gaba, in akwai abin da ya shige maka duhu ka zo da shi wurin malamin ikkilisiya bayan sujada.