Shawarar da ta ƙi tafiya ba ta jiƙo ba ce

Wani yanki na hanta da aka kawo mana ɗakin gwaji ya hana ni sukuni. Na wani magidanci ne da ya yi watanni idanunsa ruwan ɗorawa da shawara, fitsari kamar shayi, bahaya ya yi fari, ƙaiƙayi ya hana shi barci. Maimakon asibiti, aka kai shi wajen mai maganin "wankin hanta". Jarka bayan jarka yana sha, yana ramewa, mai magani na cewa dattin ne ke fita. Har da rantsuwa wai an gwada maganin a kan ɓeraye. Da aka zo aka yi hoto, sankarar bututun madaciya ta riga ta mamaye hanta, tiyata ba za ta yiwu ba.

Maganar ɓerayen nan ce ta fi ɓata min rai, domin da su nake aiki. Idan aka daɗe ana sa wa ɓera sinadarin thioacetamide a ruwan sha, hanta ta fara kumburi, ƙananan bututun madaciya su yi ta yaɗuwa, tabo ya zagaye su, ƙwayoyin su sauya kama, daga nan sai ƙari. Idan aka kunna ƙwayar gado ta Kras aka kashe ta p53 a hantarsa, nan ma sankarar na fitowa. A 2012 masu bincike a Japan da Amurka suka nuna cewa ƙwayar hanta kanta na iya rikiɗewa ta zama wannan sankara idan siginar Notch ta tashi. Duk wannan na iya faruwa alhali ɓeran na cin abincinsa, yana guje-guje. Sai an yanka an duba a madubin likita.

To a wane ɗakin gwaji mai jarka ya yanka nasa ɓeran? Ko magungunan da suka rage ƙari a ɓera, da yawansu ba su yi aiki a jikin mutum ba.

Shawara alama ce, a nemi sanadinta. Farin bahaya da ƙaiƙayi, a yi hoton ciki ba jinkiri. Mai ciwon hanta nau'in B ya riƙa zuwa ana duba shi. Ku daina shan jiƙon da ba ku san abin da ke cikinsa ba, hantar ce ke tace shi. Na sake faɗa, shawarar da ta ƙi tafiya a kai ta asibiti tun wuƙar likita na da amfani.