Darasi na 14: Lissafin Lakar da Ake Matsewa a Matatar Ruwa

Ku karanta wannan bayani a tsanake, sannan ku amsa tambayoyin da ke ƙarƙashinsa.

Ruwan famfo da kuke sha daga kogi ko madatsar ruwa yake fitowa. Matatar Iju da ke Legas, wadda aka buɗe a shekarar 1915, da ta Asejire mai ba Ibadan ruwa, da ta Tamburawa a Kano, duk aikinsu ɗaya ne, wato raba ruwa da datti. Ma'aikata sukan zuba alif a cikin ruwan, sai ƙasa da sauran ƙazanta su dunƙule su kwanta a gindin tanki. Abin da ya kwanta ɗin shi ake kira laka. Haka kuma wuraren tace ƙazamin ruwan gidaje da masana'antu suna tara tasu lakar.

Wannan laka ruwa-ruwa take fitowa, kamar kunu. Sau da yawa kashi 98 cikin 100 nata ruwa ne, kashi 2 kaɗai ne daskararren abu. In aka ce a kwashe ta a haka, to, ruwa za a yi ta biyan kuɗin dakonsa. Saboda haka ake matse ta tukuna. Kun san yadda ake yin garin kwaki: a niƙa rogo, a zuba a buhu, a danne shi da abu mai nauyi har ruwan ya tsane. Kusan haka ake yi wa laka. Wasu matatu sukan shanya ta a fili mai yashi da tsakuwa, wasu kuma suna da injin matsewa.

Injiniya yana bukatar ya san nauyin lakar da za ta fito daga injin a kullum. Ƙa'idar da yake bi ita ce: matsewa ruwa take ragewa, ba ta rage daskararren abu, in ban da ɗan abin da ya sulale ya bi ruwa.

Ga misali. A ce wata matata tana tara laka lita 100,000 a rana, kuma daskararren abin da ke cikinta kashi 2 ne cikin 100.

Mataki na farko: ku nemo nauyin lakar. Lita ɗaya ta irin wannan laka nauyinta kusan kilo ɗaya ne, don haka muna da kilo 100,000.

Mataki na biyu: ku fitar da daskararren abu. Kashi 2 cikin 100 na 100,000 shi ne kilo 2,000.

Mataki na uku: ku cire abin da ya sulale. A ce injin yana kama kashi 95 cikin 100. Kilo 2,000 sau 0.95 ya ba mu kilo 1,900.

Mataki na huɗu: ku nemo nauyin matsattsiyar laka. Ko bayan an matse ta, akwai sauran ruwa a jikinta. A ce daskararren abu ya zama kashi 20 cikin 100. Sai ku raba 1,900 da 0.20. Amsa ita ce kilo 9,500, wato tan tara da rabi.

Yanzu ku kwatanta. Tifa mai ɗaukar tan 10 sai ta yi sawu goma kafin ta kwashe lakar da ba a matse ba. Bayan matsewa kuwa, sawu ɗaya ya wadatar. Da injin zai kai lakar kashi 25 cikin 100, da nauyin ya sauko zuwa kilo 7,600.

A mataki na huɗu ne ɗalibai suka fi yin kuskure, domin sukan ninka maimakon su raba, sai su sami kilo 380. Ku lura, matsattsiyar laka ba za ta taɓa kasa daskararren abin da ke cikinta nauyi ba. Idan irin wannan kuskure ya shiga tsarin matata, ba za a tanadi isassun motoci da wurin ajiya ba. Laka za ta taru, ruwan sama ya mayar da ita kogin da mutane ke sha.

Sababbin Kalmomi

Matata: wurin da ake tace ruwa ko mai.
Alif: farin sinadari mai sa datti ya kwanta a ƙasan ruwa.
Daskararre: abin da ba ruwa-ruwa ba.
Tsane: rabuwa da ruwa a hankali.
Sulale: fita a hankali ba tare da an lura ba.
Sawu: zuwa da dawowa sau ɗaya.

Nahawu

Ku dubi yadda ake samun sifa daga aikatau, kuma ta dace da jinsi da adadi:
matsa: matsattse, matsattsiya, matsattsu
daskare: daskararre, daskararriya, daskararru
Ku yi haka da waɗannan: bushe, dafa, wanke.

Tambayoyi

1. Mene ne amfanin alif a matatar ruwa?
2. Don me ake matse laka kafin a kwashe ta?
3. Ta wace hanya matse laka ya yi kama da yin garin kwaki?
4. Me zai iya faruwa idan injiniya ya yi kuskuren lissafi?

Aikin Gida

Wata matata tana tara laka lita 60,000 a rana. Daskararren abu kashi 3 ne cikin 100, injin yana kama kashi 90, kuma matsattsiyar lakar tana fitowa da kashi 18. Ku lissafa nauyinta, sa'annan ku bayyana kowane mataki da cikakkiyar jimlar Hausa.